Mas'alar Jiran Amsa a Cikin Emacs

Shekarun da na shafe ina rubuta ƙananan shirye-shirye a cikin GNU Emacs, editan rubutun nan da Richard Stallman ya soma ginawa a 1984, wanda kowa ke iya ƙara masa aiki da harshen Lisp, sun tabbatar mini cewa babu illar da ta fi cutar da mai rubutu irin a ƙamar masa da allo alhali tunaninsa yana gudana. Na taɓa rubuta wani shiri mai ɗebo bayani daga uwar garke, na raba wa abokan aiki, ran nan layi ya yi rauni, editan ɗayansu ya sandare yana tsakiyar rahoto, ba shi da mafita face ya danna C-g ya katse. Alhakin wannan a wuyana yake.

Asalin al'amarin shi ne Emacs ba ya gudanar da aikin Lisp biyu a lokaci guda, saboda haka idan aka nemi haɗi bisa hanyar da aka saba, kwamfuta za ta aika da sallamarta ta TCP, ta tsaya jiran a amsa mata, kuma idan ba a amsa ba, Linux bisa al'adarsa yakan maimaita har sau shida, abin da ke cin fiye da minti biyu, edita kuwa duk tsawon wannan lokaci ba ya karɓar ko harafi ɗaya. Maganin da make-network-process, umarnin buɗe haɗi wanda ya zo tare da Emacs 22 a 2007, ya tanada shi ne sharaɗin :nowait, wanda ke sa a aika da sallamar a koma bakin aiki nan take, a bar wani mai tsaro da za a kira shi idan haɗin ya tabbata ko ya gagara.

Sai dai fa jiran bai gushe ba, wurin zama ya sauya, kuma a nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Kafin sallama akwai neman adireshin uwar garke daga sunanta, bayanta kuma akwai musafahar TLS, waɗanda duka biyun sun daɗe suna tsayar da edita ko da an sa wancan sharaɗi, har zuwan Emacs 26 a 2018. Sa'an nan wajibi ne mai shiri ya san cewa abin da aka miƙo masa haɗi ne da bai kammala ba, don haka hikima ita ce ya jinkirta saƙonsa har mai tsaro ya yi masa bushara.

Mas'alar da ta fi ba ni wahala kuwa ita ce ta karɓar amsa, domin TCP ba ya sanin iyakar saƙo. Yakan kawo shi gutsure-gutsure gwargwadon yadda hanya ta yarda. Harafin ƙ ɗinmu, da ɓ da ɗ, kowannensu bayit biyu ne a tsarin UTF-8, kuma da na karɓi amsa ɗanya ina fassara kowane gutsure shi kaɗai, sai rabin ƙ ya zo yanzu, rabi ya zo daga baya, kalmar ta fito a gurɓace. Tun daga ranar nake tara gutsattsarin a ma'ajiya guda, in ƙidaya bayit har su cika adadin da saƙon ya ambata, kana in fassara.

Ina roƙon 'yan'uwa ma'abota wannan sana'a da su ɗaura wa kowane haɗi wa'adi, su rufe shi idan wa'adin ya cika, su faɗa wa mai amfani dalili a fili, kuma kada su saki shiri sai sun jarraba shi a kan layin waya mai rauni, sun zare haɗin da gangan ana tsakiyar karɓar amsa.