Yadda Ake Gina Babban Dandalin Ƙananan Jiragen Ƙasa, Kuma a Tuƙa Su da Wayar Salula

A ƙasashe irin su Amurka, Jamus, Ingila da Japan akwai ƙungiyoyin da aikinsu shi ne haɗa ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki, a shimfiɗa musu dogo, a gina tasha da gada da tsaunuka, har su cika babban zaure. Mai karatu zai iya ɗauka wasan yara ne. To amma a cikin wannan aiki akwai lissafi, aikin katako, haɗa wayoyin lantarki da kuma rubuta manhaja. A darasinmu na yau za mu bi matakan ginin ɗaya bayan ɗaya.

Me ya haɗa wannan da fasahar kwamfuta?

A shekarar 1946 ɗaliban jami'ar MIT da ke Amurka suka kafa ƙungiyar ƙananan jiragen ƙasa mai suna TMRC. Wasu cikin 'yan ƙungiyar sun fi son fentin tarago da gina gidaje, wasu kuwa kullum suna ƙarƙashin teburi suna fama da wayoyi. Waɗannan na biyun da kayan musayar kiran tarho suka gina tsarin sarrafa jiragensu. A bakinsu kalmar "hack" ta yi ƙarfi, da ma'anar dabara mai burgewa wajen warware matsala, tun kafin a jingina ta ga masu kutse. Mutane irin su Peter Samson da Alan Kotok daga nan suka koma kan kwamfuta, suka kuma sa hannu a wasan Spacewar na 1962. Steven Levy ya ba da labarinsu a littafinsa Hackers na 1984.

Mataki na 1: Zaɓen ma'auni

Kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya, dole ƙungiya ta amince da ma'auni guda, wato sau nawa aka rage girman jirgin gaske. Waɗanda aka fi amfani da su:

N: kashi 1 cikin 160, faɗin dogo milimita 9.
HO: kashi 1 cikin 87, faɗin dogo milimita 16.5.
O: kashi 1 cikin 48 a Amurka, faɗin dogo milimita 32.
G: faɗin dogo milimita 45, wanda galibi a lambu ake shimfiɗa shi.

Ga yadda lissafin yake. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna faɗinsa milimita 1,435 ne. Raba wannan da 87, za ka samu 16.5, wato dogon HO ke nan. Haka kuma kilomita ɗaya ta gaske tana cin kusan mita 11.5 a HO, amma mita 6 da 'yan kai kawai take ci a N. Don haka ƙungiyar da ɗakinta ƙarami ne ta fi karkata ga N, mai babban zaure kuma ta ɗauki HO ko O.

Mataki na 2: Zane kafin yanka katako

Ana zana taswirar dogon a kwamfuta da manhajoji irin su AnyRail, SCARM ko XTrackCAD, wadda kyauta ce. Abu uku ake kula da su.

Na farko kwana. Dogon HO da ke zuwa cikin kwalin 'yan koyo yana lanƙwasa a kan inci 18, amma dogayen taragun fasinja kan goce a irin wannan kwana, shi ya sa ƙungiyoyi ke faɗaɗa ta zuwa inci 30 ko fiye.

Na biyu hawa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada hawan ya wuce kashi 2 cikin 100, wato santimita 2 a kowace mita. Idan kana son wani layi ya haye saman wani da tazarar santimita 10, kana buƙatar mita 5 na dogo. Inda babu wannan fili sai a yi dogon ya riƙa zagaye yana hawa, kamar matattakalar hasumiya.

Na uku isar hannu. Duk wurin da hannu ba zai kai ba, ranar da jirgi ya goce a can sai an taka gini kafin a ɗauko shi. Don haka ba a cika barin faɗin teburi ya wuce santimita 75 daga inda mutum ke tsaye ba.

Mataki na 3: Gini gunduwa-gunduwa

Ƙungiyoyi da yawa haya suke yi, kuma ranar tashi tana iya zuwa. Ita kanta TMRC, da aka zo rushe tsohon gininta a ƙarshen shekarun 1990, sai da ta sake gina dandali daga farko a wani wuri. Maganin wannan shi ne gini gunduwa-gunduwa: kowane mamba ya ƙera teburinsa, amma tsawon ƙafa da wurin da dogo zai fito a baki su zama iri ɗaya, ta yadda za a iya jona su. Tsarin NTRAK na Amurka, wanda ya fara a shekarun 1970, da na ƙungiyar FREMO da aka kafa a Jamus a 1981, duk a kan wannan tunani suke.

Mataki na 4: Wutar lantarki

A tsohon tsari, wutar da ke kan dogo ita ce ke juya injin kai tsaye. Ka ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, ka juya ta ya koma baya. Matsalar ita ce duk jiragen da ke kan layi ɗaya tare za su motsa, sai an yanyanka dogon gida-gida da tarin makunnai.

Tsarin zamani sunansa DCC. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya fara shi, sannan ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'idar kowa a shekarun 1990. A nan wuta tana kan dogo koyaushe, kuma cikin wutar ake aika saƙo na sifili da ɗaya. Kowane kan jirgi yana ɗauke da 'yar na'ura da ake kira dikoda, mai lambarta, kamar yadda kowace waya ke da layinta. Idan aka aika umarni zuwa lamba 25, jirgi mai wannan lamba kaɗai zai amsa. Sabuwar dikoda da lamba 3 take zuwa, saboda haka aikin farko shi ne canza ta, in ba haka ba sababbin jirage biyu za su tashi lokaci guda.

A babban dandali ba a dogara da dogo wajen kai wuta nesa, domin mahaɗansa kan yi tsatsa ko su saki. Ana jan wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin teburi, sannan a liƙa ƙananan wayoyi da dalma daga can zuwa dogon a wurare da yawa. Ana kuma raba dandalin shiyya-shiyya, kowace da na'urar yanke wutarta, don kada jirgi ɗaya ya goce ya haɗa wuta ya tsayar da na kowa.

Mataki na 5: Wayarka ta zama sitiyari

Nan ne wayar salula ke shigowa. Akwai manhajar kyauta mai suna JMRI da ake ɗorawa a kwamfuta, ko da ƙaramar Raspberry Pi ce, a jona ta da akwatin DCC. Mai Android zai sauke Engine Driver, mai iPhone kuma WiThrottle. Da zarar wayar ta hau Wi-Fi ɗin ƙungiya, sai ka shigar da lambar jirgi, ka ja gudunsa da yatsa, ka kunna fitila ko ka busa usur. Ba a buƙatar data, domin saƙon bai fita daga ɗakin ba. Mutane da yawa za su iya tuƙi lokaci guda, kowa da jirginsa. Wanda akwatin kamfani ya yi wa tsada yana iya haɗa nasa da allon Arduino ta hanyar tsarin DCC-EX, wanda shi ma kyauta ne.

Mataki na 6: Ado shi ne na ƙarshe

Tsaunuka da bishiyoyi da gidaje sai bayan jirage sun yi ta zagaye ba tare da gocewa ba. Wanda ya rufe dogo da dutsen filasta kafin gwaji, shi zai fasa shi da hannunsa. Mai son ganin inda ado ya kai maƙura ya nemi bidiyon Miniatur Wunderland da ke Hambug a Jamus. Wannan kam gidan kallo ne na kasuwanci, an buɗe shi a 2001, kuma dogonsa ya haura kilomita 16.

Aikin gida

Ɗauki awon ɗakinka, ka sauke XTrackCAD, ka zana layi mai zagaye a ma'aunin N da tasha ɗaya. Sannan ka lissafa mita nawa za ka buƙata kafin layin ya hau santimita 6 a hawan kashi 2 cikin 100. Ka ajiye mana amsarka a wurin tsokaci, mu duba tare.