Darasin Wannan Wata: Masuntan da Ke Kama Kifi da Gashin Zakara

Darasinmu na wannan wata a kan su ne. Amma ba sun taru ba, ba kuma na birgi ba. Wata irin fatsa ce da ake yi a ƙasashe masu sanyi. A can masunci ba ya sa tana a ƙugiya. Gashin zakara yake ɗaura mata, kifi kuma ya zo ya haɗiye. Ku karanta a hankali. Wanda ya gama sai ya karanta wa masuncin unguwarsu, domin akwai abin da zai amfane shi game da zarensa.

Kifin da ake nema

Sunan kifin tirawut. Jikinsa yana da ɗigo-ɗigo kamar na zabo. Asalinsa na ƙasashen Turai ne da Amurka ta Arewa da wasu sassan Asiya. Yana zama a rafukan duwatsu masu gudu, inda ruwa yake garau har ana ganin tsakuwar ƙasa.

Wannan kifi ba ya jure zafi. Ya fi jin daɗin ruwa mai sanyin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin zafi. Idan ruwa ya wuce digiri 20 sai ya fara galabaita. Idan ya kai wajen 25 ya daɗe a haka, sai mutuwa. Dalili kuwa shi ne ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi da yawa kamar ruwan sanyi. Saboda haka idan wani ya zo yana tallar 'ya'yan tirawut don a zuba a kududdufin gari, kada a ba shi ko kwabo. Tarwaɗa da karfasa su ne suka san ruwanmu.

Duk da haka akwai shi a Afirka, a wuraren da ƙasa ta yi tudu sosai. A shekarar 1905 wani Bature mai suna Girogan ya sa aka kawo ƙwansa daga Birtaniya zuwa Kenya. Aka zuba 'ya'yan a kogin Gura, cikin tsaunukan Abadiya. Akwai shi kuma a Lesoto da Afirka ta Kudu. Sai dai baƙon ya yi ɓarna a wasu rafukan, domin ya cinye ƙananan kifayen da ya tarar.

Babban abincin tirawut ƙwari ne. Yawancin ƙwarin a cikin ruwa suke girma, a ƙarƙashin duwatsu. Idan lokacinsu ya yi sai su taso saman ruwa, su yi fukafukai, su tashi a tare, kamar yadda gina take fitowa bayan ruwan farko. A lokacin ne kifi yake tasowa yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙwaron ƙarya

Da masunta suka lura da haka sai suka yi dabara. Suka ɗauki ƙaramar ƙugiya, suka naɗe ta da zare da ulu. Suka ɗaura mata gashin wuyan zakara ya zama kamar ƙafafu da fukafukai. Idan ta faɗa kan ruwa, kifi ya ɗauka ƙwaro ne.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, wani marubucin Rum mai suna Eliyan ya ba da labarin mutanen Makidoniya. Ya ce suna naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara biyu, su kama kifi mai ɗigo-ɗigo. A shekarar 1496 kuma aka buga wani littafi a Ingila wanda ya bayyana ƙwarin ƙarya iri 12, kowane da watan da ake amfani da shi.

Ƙwaron ƙarya iri biyu ne manya. Akwai mai yawo a saman ruwa, akwai mai nutsewa. Gwanin masunci ba ya fara jifa da isowarsa. Yakan tsaya ya duba abin da kifi yake ci a ranar. Wani har yakan ɗaga dutse ya ga irin ƙwarin da ke maƙale a ƙarƙashi. Sannan ya buɗe ɗan akwatinsa ya zaɓi wanda ya yi kama da su a girma da launi.

Zare ne yake kai ƙugiya

To, ga tambaya. Yaya za a jefa abin da bai fi gashin kaza nauyi ba har ya kai tsakiyar rafi? Ku gwada jefa gashin kaza, ku ga inda zai faɗi. A gabanku zai faɗi.

A fatsar da muka sani, nauyin tana ko na dalma shi yake jan zare ya tafi. A wannan fatsar kuwa an juya abin. Zaren ne yake da nauyi, shi yake tafiya, ƙugiya tana bin sa a baya. Wanda ya gane wannan ya gane rabin darasin.

Masunci yakan warware zare kamar kamu 20. Ya ɗaga sanda da sauri, zaren ya tashi ya miƙe a bayansa cikin iska. Ya ɗan dakata kaɗan. Sannan ya turo sandar gaba, zaren ya warware a kan ruwa, ƙwaron ya sauka a hankali ba tare da fantsama ba. Dakatawar nan ita ce wuyar aikin. Mai gaggawa yakan ji zaren ya yi ƙara kamar bulala. Idan ya duba sai ya ga ƙwaron ya tsinke ya tafi.

Zaɓen kayan aiki

Kayan guda huɗu ne: sanda, da manaɗin zare, da babban zare, da siririn zaren baki.

Sandar da aka fi amfani da ita tsawonta ƙafa 9 ne, wato wajen kamu 6. Tana da ƙananan zobba a jikinta inda zare yake bi. Da can da itace ake yin ta. Daga baya aka koma gora da ake tsagawa gida shida a manne. Yanzu yawancinsu na masana'anta ne, marasa nauyi. Manaɗi kuwa ɗan gargare ne da ake ɗaurawa a gindin sanda, aikinsa kamar na ƙwarƙwaron masaƙi. Ga ƙaramin kifi ba ya wani aiki sai ajiyar zare.

Babban zaren yakan kai ƙafa 90, wato kamu 60. Cikinsa kitsattsen zare ne, bayansa an lulluɓe da roba mai santsi. A cikin robar mai yawo a saman ruwa akwai ƙananan ƙwayoyi masu iska a ciki, ido ba ya ganin su. A cikin mai nutsewa kuwa garin ƙarfe mai nauyi aka zuba.

Kowane zare yana da lamba. A shekarar 1961 masu yin kayan su na Amurka suka daidaita a kan ƙa'ida ɗaya. Ana auna nauyin ƙafa 30 na farkon zare, a ba shi lamba. Lamba 5 nauyinta giram 9 ne, kamar sukari cokalin shayi biyu. Lamba 3 ba ta kai giram 7 ba, ta ƙananan rafuka ce. Lamba 8 ta kusa giram 14, ta manyan kifaye ce da wurin iska mai ƙarfi. A jikin sanda ma an rubuta lamba kusa da mariƙi. Dole lambar sanda da ta zare su zo ɗaya. Idan zare ya yi wa sanda sauƙi, ba za ta lanƙwasa ta cilla shi ba. Idan ya yi mata nauyi, za ta yi laƙwas. Ga amfanin karatu ke nan: wanda ba ya iya karanta lamba, mai kanti zai haɗa shi da abin da ya yi kwantai.

Siririn zaren baki na nailan ne, wanda wasu suke kira zaren roba. Tsawonsa kamar na sanda. Yana farawa da kauri, yana sirancewa har ƙarshensa ya kusa zama kamar gashin kai. A nan ake ɗaura ƙugiya don kada kifi ya ga zare. Irin wanda aka fi sawa yakan tsinke idan nauyi ya kai wajen kilo 2.

Idan kuɗi ba su da yawa, a ganinmu zare ya kamata a fara kyautatawa. Sanda mai araha da zare mai kyau za su yi aiki. Sanda mai tsada da ruɓaɓɓen zare kuwa ado ne kawai. Mutanen ƙauyukan tsaunin Japan sun daɗe suna irin wannan su don neman abinci da abin sayarwa. Kayansu gora ce da zaren izgar doki, ko manaɗi ba su da shi.

Kula da zare

Masuntan da can sun sha wahalar zare. Na izgar doki gajere ne, sai an yi ta kitsawa ana ƙullawa. Na siliki da ya biyo baya yana shan ruwa. Kullum aka dawo daga rafi sai an warware shi an shanya, sannan a shafa masa mai. Wanda ya yi ƙyuya ya bar shi a jiƙe, zai tarar ya ruɓe. Kamfanin DuPont na Amurka ya fitar da nailan a shekarar 1938. Zare mai rufin roba kuma ya shiga kasuwa bayan 1950. Sai mutane suka ɗauka an huta da kula da zare. Ba a huta ba.

Abu na farko da ke kashe zare shi ne datti. Laka da gansakuka suna manne masa. Sai ya daina santsi a cikin zobba, ya kuma fara nutsewa. Maganinsa mai sauƙi ne. A warware shi cikin kwano mai ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, da ɗan sabulun wanka. A bar shi ya jiƙa kaɗan. A ja shi ta cikin tsumma mai laushi, za a ga baƙin layi ya fito a jikin tsumman. A ɗauraye da ruwa mai kyau, a bar shi ya bushe a inuwa. Kada a sa garin sabulun wanki mai ƙarfi, yana busar da roba.

Na biyu rana ce da zafi. Hasken rana yana cin nailan a hankali, ido ba ya gani. Zaren yana nan kamar lafiyayye, sai ranar da babban kifi ya kama ya tsinke kamar tsohon zaren ɗinki. Wannan ya fi shafar mu, mu da rana ta fi yawa a wurinmu. Masuncin da yake barin mamari ko raga a kan rufin kwano kwana da kwanaki, kuɗinsa yake shanyawa. A shanya a inuwa inda iska take kaɗawa, da ya bushe a shigar da shi ɗaki.

Na uku su ne fetur da kananzir da man shafawa na korar sauro. Suna lalata rufin robar babban zare har ya tsattsage. Da ya tsage, ruwa ya shiga cikinsa, bakin zaren ya riƙa nutsewa. Wanda ya taɓa ɗaya daga cikinsu ya wanke hannu kafin ya taɓa zare. Haka kuma kada a taka zare a kan yashi ko dutse.

Sai maganar ƙulli, wadda ta shafi duk mai ɗaura ƙugiya a nailan. Idan aka ja ƙulli a bushe, zaren yana gugar kansa ya yi zafi, wurin ya yi rauni. Saboda haka a jiƙa ƙulli da ruwa kafin a ja, a kuma ja shi sannu a hankali. Wani lokaci ƙaramin ƙulli yakan shiga tsakiyar zare da kansa wajen jifa. Masu sana'ar suna cewa irin wannan yakan rage kusan rabin ƙarfin zare. A kwance shi nan take, in ya ƙi a yanke wurin. Bayan an kama kifi, ko zare ya gogi dutse, a bi bakinsa da yatsa biyu. Inda aka ji kaushi, a yanke a sake ɗauri. Asarar taƙi ɗaya na zare ta fi asarar kifi da ƙugiya gaba ɗaya sauƙi.

Zaren da ya daɗe a matse a manaɗi yakan fito a murɗe. Kafin a fara aiki a riƙa kama shi gaɓa-gaɓa ana ja a hankali har ya miƙe. Idan za a daɗe ba a yi su ba, a cire shi, a naɗe shi da faɗi kamar gammo, a rataye a wuri mai duhu. Ƙugiya ma a bar ta ta bushe kafin a rufe akwati, don gudun tsatsa. Gwajin kaifinta shi ne a ja bakinta a kan farce. In ta kama, tana da kaifi. In ta zame, a wasa ta.

Tsohon nailan kada a jefar da shi a bakin ruwa. Ba ya ruɓewa da wuri. Yana naɗe ƙafar tsuntsu da ta akuya, ya yanke har ƙashi. A taho da shi gida, a yanyanka shi gutsu-gutsu kafin a zubar.

Doka da ƙa'ida

A Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai ya yanki lasisi kafin ya yi fatsa a kogi. Ana kuma hana kama tirawut a koguna a watannin sanyi, lokacin da yake zuba ƙwai. Masunta da yawa a can suna sakin kifin bayan sun kama shi. Don haka suke danne ƙayar ƙugiya da awartaki, ta fita ba tare da yaga bakin kifi ba. Suna kuma jiƙa hannu kafin su taɓa shi, saboda yauƙin jikinsa shi ne rigarsa.

Wannan fatsa ta iso kusa da mu, ko da yake babu tirawut. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda yake zuba a Binuwai, baƙi suna zuwa da rani suna kama giwan ruwa da tsage da ƙwaron ƙarya. Ga giwan ruwa, sanda da zare masu lamba 12 suke sawa, abin ƙaryar kuma ya kai tsawon tafin hannu, an yi shi kamar ɗan kifi.

Aikin aji

Malami ya sa ɗalibai su amsa waɗannan a littafinsu. Me ya sa tirawut ba zai rayu a kududdufin garinku ba? Idan ƙafa 9 kamu 6 ce, ƙafa 45 kamu nawa ce? Sannan a samo nailan guda biyu masu tsawo ɗaya. A ja ƙulli a ɗaya a bushe da ƙarfi, a ja na ɗayan a jiƙe a hankali. A rataya wa kowanne bokiti, a riƙa zuba ruwa kofi-kofi ana ƙirgawa. A rubuta kofi nawa kowanne ya ɗauka kafin ya tsinke, a kawo amsa mako mai zuwa.