DARASI: HUKUNCIN MAI SANA'A A CIKIN GIDA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, a ƙasar Gozaki da wuya ka shiga lungun da ba a ciniki. Nan injin niƙa ne a zaure, can cajin waya, gaba mai awon masara, ga iyaye mata a cikin gida suna ƙuli-ƙuli da man gyada. Wannan abu ne mai kyau, ya fi zaman kashe wando nesa ba kusa ba. Amma akwai kuskuren da ya yaɗu, watau mutum ya ce, "Ai gidana ne, wa zai hana ni?" To, ka sani gidan naka ne, amma ranar da ka fara ciniki a cikinsa, haƙƙoƙi huɗu sun hau kanka.

Na farko, haƙƙin mai saye. A kasuwar Funtuwa ko Bakori akwai idon jama'a da na Sarkin Kasuwa. A zaurenka kuwa daga kai sai Allah. Kada ka ajiye tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Saboda irin wannan aka halaka mutanen Annabi Shu'aibu, kuma Suratul Muɗaffifina da narkon azaba ta fara a kan masu tauye mudu. Haka nan mai yayyafa wa auduga ruwa don ta yi nauyi, da mai cusa masarar da ba ta bushe ba a tsakiyar buhu. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya barranta daga mai algus. Kai, akwai wanda ya fi wannan muni, shi ne zuba wa wake fiya-fiya don kada ya yi ƙwari. Wannan guba ce. A kanta ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Abin da baƙo ya ƙi ci, shi za ka auna wa Musulmi ɗan'uwanka?

Na biyu, haƙƙin maƙwabci. Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci, har ya zaci za a ba shi gado. Kada ka tayar da inji ko janareta bayan Isha'i mutane suna barci, ko lokacin da ake salla a masallacin unguwa. Kada ka saki ruwan markaɗe a kan hanya, ko ka ci hanya da rumfa. Kada ka tara jarkokin fetur a ɗaki. Lokacin hunturu ƙyastu guda ya isa, ga karan dawa a jingine ko'ina, wutar kuwa ba ta san iyakar katangarka ba.

Na uku, haƙƙin iyalinka. Ciniki ba ya halatta wa baligi shiga cikin gida. Suratun Nur ta wajabta neman izini da runtse ido, saboda haka a tsaya a zaure, a aika yaro. Jarin matarka nata ne, ba ya sauke maka ciyarwa, kuma ba ka taɓa shi sai da yardarta. Ƙanwarka kuma fa? Kana zaune a majalisa ana ɗora mata talla har dare, ƙawayenta suna Islamiyya? Ka kafa tebur a ƙofar gida ka riƙa sayar wa mahaifiyarka da kanka. Wannan ba abin kunya ba ne, lada ne.

Na huɗu, haƙƙin hukuma. Allah Ya umurce mu da biyayya ga shugabanni a abin da ba saɓo ba. Kafin ka kafa inji, sanar da Mai Unguwa. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon lura da shaguna da rumfuna da wuraren sayar da abinci, mu kuwa a nan tamu ita ce Kafur. In an zo karɓar kuɗi ka biya, amma ka karɓi rasit, kada ka ba da na goro. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce mai ciniki da ainihin sunansa ba dole ya yi rajista ba, amma in ka raɗa wa sana'arka wani suna, sai ka yi masa rajista da hukumar CAC cikin kwana 28. In kana ƙulla abinci ko ruwa a leda da tambari, ka nemi lambar NAFDAC. Magani kuwa kada ka taɓa sayar da shi ba lasisi, rai ba abin gwaji ba ne.

Sai gargaɗi guda. Bayar da buhu ɗaya da damina don a biya biyu da kaka riba ce tsantsa, ko da a tsakar gida aka ƙulla, ba wanda ya gani. Bashi na halal kuma a rubuta shi da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar. Littafin rubutu ɗaya ya isa ya tsare zumuncin shekaru.

Ɗan'uwa, in ka koma gida yau, ka ɗauki tiyarka ka gwada ta da ta kasuwa. Ka tambayi maƙwabcinka ko sana'arka tana cutar da shi, in ya faɗa kada ka yi fushi. Sannan ka je gaban malami ka karanta babin ciniki na Risala, domin bai halatta ka shiga abu ba sai ka san hukuncin Allah a kansa.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga haram, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.