Hayaƙin Sana'a Da Lafiyar Jama'a

Zuwa ga jama'ar Gusau da Tsafe da Bungudu. An rubuta wannan 'yar takarda domin wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure, ko a rumfar kasuwa, ko a ƙofar masallaci bayan la'asar. Maganar da ke cikinta ita ce ta iskar da muke shaƙa. Mutum yana kwana bai ci ba, yana yini bai sha ba, amma numfashi ba a ɗaga masa ƙafa. Ruwa in ya gurɓace sai ka zubar ka ɗebo wani. Iska kuwa, wadda ta iso hancinka ita za ka ja, ko da maƙwabcinka ne ya ɓata ta.

Daga gawayin ƙirya zuwa gawayin kwal

Kakanninmu sun san aikin ƙarfe tun kafin zuwan Turawa. Su haƙo tama, su gina tanderu na laka, su cika shi da gawayi, su kwana suna ba shi wuta har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Maƙerin da ya san aikinsa har gobe gawayin ƙirya yake nema, saboda wutarsa tana da ƙarfi kuma tana jimawa. Ku lura da abu ɗaya: aikin narka tama a daji ake yinsa, nesa da gidaje.

Manyan masana'antun ƙarfe na duniya a kan wannan hanya suke, sai dai su da kwal suke aiki. A shekarar 1709 wani Bature mai suna Abraham Darby, a Ingila, ya narka tama da gasasshen kwal maimakon gawayin itace. Yadda mai gawayi yake tara itace ya rufe shi da ƙasa don ya gasu ba tare da ya zama toka ba, haka ake yi wa kwal. Ana zuba shi cikin wasu ɗakuna na bulo, dogaye, matsattsu, waɗanda faɗin kowanne kusan rabin mita ne, an jera su da yawa gefe da gefe. A toshe ko'ina don kada iska ta shiga, a gasa shi da zafin da ya kai digiri 1,000 ko fiye, har awa 15 zuwa 20. Abin da ya rage shi ne gawayin kwal, wanda Turawa ke kira kok. Da shi ake narka tama.

To, ina abin da ya fita daga jikin kwal ɗin yake zuwa? Nan gizo ke saƙa. Akwai kwalta a ciki, akwai farar wuta, akwai wani mai da ake kira benzin, da tarin guba iri-iri. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa aikin gasa kwal cikin jerin ayyukan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na huhu. Wanda ya fi shan wahala shi ne ma'aikacin da ke tsaye a saman tanderun, sai kuma mutanen unguwar da iska ke kaɗa hayaƙin zuwa gare su.

A ƙasarmu an gina irin wannan tanderu a Ajaokuta, cikin Jihar Kogi, inda Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashin masana'antar ƙarfe a 1980 tare da injiniyoyin Tarayyar Sobiyet. Har yau ba a kai ga narka tama a can ba. Zamfara ba ta da irinsa. Amma dabarun da masu irinsa suka koya da tsada, mu ma suna da amfani gare mu.

Yadda suke tare hayaƙin

Dabara ta farko ita ce toshewa. Kowace ƙofa da kowane murfi na tanderun ana duba su kullum, inda ya yi yoyo a liƙe shi. A da da laka ake shafe bakin ƙofar, kamar dai yadda mai gawayi ke zagaya tudunsa yana cike inda ya tsage.

Ta biyu ita ce kamawa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da aka buɗe ƙofa, wani ƙaton inji ya tunkuɗo gawayin waje, ja wur kamar garwashin tuya, ya zubo cikin tarago. Nan take hayaƙi da ƙura ke tashi sama. Don haka ake kifa wata rumfa ta ƙarfe a kan wurin, fanka tana zuƙe hayaƙin ta bi da shi cikin jakunkuna masu tace ƙura.

Ta uku ita ce kashe wutar cikin hankali. Wasu suna kwarara wa gawayin ruwa a cikin hasumiya mai shingaye da ke tare toka. Wasu sun daina sa ruwa, sai su sanyaya shi da wata iska da ba ta cin wuta a cikin rufaffen ɗaki, zafin kuma su juya shi ya ba su lantarki.

Ta huɗu ita ce mai da shara dukiya. Hayaƙin da aka zuƙe ana wanke shi, a fitar da kwalta, a fitar da farar wuta, a sami takin zamani, sauran iskar kuma a koma hura tanderun da ita.

Ta biyar ita ce awo da sa ido, domin inji ba ya rantsuwa. A garin Clairton na Amurka, inda babbar masana'antar gasa kwal ta ƙasar take, gobara ta lalata sashen wanke hayaƙi ran 24 ga Disamba, 2018. Aka yi fiye da wata uku ana ƙona iskar ba a tace ba, masu ciwon asma na yankin suka yi ta cika asibiti. In haka ta faru a inda ake da kuɗi da doka, ina ga inda ba mai dubawa?

Abin da ya same mu a 2010

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Mu Zamfarawa mun ga namu da idonmu. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro ya yi amai, ya yi taune-taune, ya sanƙare, kafin a ankara ya cika. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Da aka gwada jini sai aka ga dalma ce.

Daga ina ta fito? Daga dutsen zinari. Magidanci ya ɗauko buhun dutse daga rami ya kawo cikin gida. Mata su farfasa shi a tsakar gida, a kai injin niƙa irin na hatsi, a shanya garin a inda yara ke rarrafe. Da yamma ya dawo rigarsa fari fat da ƙura, ɗansa ya rugo ya rungume ƙafarsa, uwargida ta karɓi rigar ta kakkaɓe kusa da murhu. Ba wanda ya ga guba, domin ƙurar dalma ba ta da wari, ba ta da ɗaci. Yaron da ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga.

A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida aka ƙirga, an tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da aka rasa an ƙiyasta ta kai 400, dubbai kuma suka kamu. Sunayen Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Bagega suka zaga duniya. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka binne ta, aka zubo sabuwa, sannan maganin fitar da dalma ya yi amfani. Bagega ma ba a share ta ba sai a 2013. Yaran da suka tsira, da yawansu dalma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, wannan kuwa ba ya gyaruwa. A 2015 irin wannan ta auku a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ƙananan tanderu a cikin unguwanninmu

Ku zagaya bayan kasuwa ku gani. Ga mai zubin tukwane ya haƙa rami, ya ɗora kaskon ƙarfe cike da tarkacen sanholo da gwangwanaye, har da ɓaraguzan inji masu fenti da baƙin mai. Ga almajirinsa ɗan shekara goma yana juya ƙafar keke da ke hura wutar, fuskarsa daidai bakin ramin. Hayaƙin ya tashi shuɗi-shuɗi, ya bi ta rumfar mai ƙosai, ya faɗa makarantar allo. Ga mai fasa tsohon batirin mota yana narka dalmar ciki a fili. Ga masu babbakar kai da ƙafa da ganda suna cinna tsohuwar taya. Ga masu ƙona wayoyi don su cire jan ƙarfe. Ga masu ƙona zaiba don su tsame zinari, tururinta kuwa yana lalata jijiya da ƙwaƙwalwa. Ga masu fasa dutse, waɗanda ƙurarsa ke daskarar da huhu sannu a hankali.

A lokacin hunturu abin ya fi muni. Da asuba iska mai sanyi tana kwanciya ƙasa, hayaƙi ba ya tashi, sai ya yi wa unguwa rumfa, ya haɗu da hazo. Shi ya sa tari da shaƙewar ƙirji ke yawaita a wannan lokaci.

Duk waɗannan sana'o'i ne na neman halal, ba wanda ya ce a bar su. Gyara ake nema.

Abin da ya kamata a yi

1. A fitar da aikin narka ƙarfe da niƙan dutse da babbaka daga cikin gidaje, a ware musu fili a bayan gari, nesa da rijiya da makaranta. A duba inda iska ta fi kaɗawa: da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma.

2. Kada a shigo da dutsen ma'adini gida, ko buhu ɗaya. Injin da ya niƙa dutse kada ya niƙa hatsi, turmin da ya daka dutse kada ya daka fura.

3. A jiƙa dutse kafin a fasa, a niƙa shi da ruwa. Ƙurar da ta jiƙe ba ta tashi.

4. Mai zubi ya yi wa murhunsa murfi da dogon bututu wanda ya wuce tsayin rufin ɗaki, ya tsaya ta inda iska ke fitowa. Rabin ganga da bututun kwano sun isa somawa.

5. Mai gawayi ya yi aiki da busasshen itace, ya toshe tsagar tudunsa. Hayaƙin da ya tsere gawayi ne ya tafi a banza.

6. A daina babbaka da taya da roba. Itace ko gas ya fi, don lafiyar mahauci da ta mai cin naman.

7. Ma'aikaci ya ware kayan aiki daban, ya bar su a wurin aiki, ya yi wanka da sabulu kafin ya shiga gida. Ya sa takunkumin da aka yi don tare ƙura; rawani ko ƙyalle ba ya tare ƙananan ƙwayoyinta. Kada a ci abinci a inda ake aikin.

8. Yara da mata masu ciki ko goyo kada su kusanci wurin.

9. Yaron da ke yawan ciwon ciki, ko kasala, ko taune-taune, a gaggauta kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita sana'ar gidan don a gwada jininsa. A Gusau akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura.

Nauyin da ke kan kowa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da shugabannin masu haƙar ma'adini su ne suka san mutanensu, maganarsu ta fi ta baƙo shiga kunne. Masu unguwanni da dagatai da hakimai su ba da filin sana'a, su hana a yi ta a tsakar gida. Limamai su tunatar a huɗuba cewa addini ya hana cuta da cutarwa, kuma haƙƙin maƙwabci ya haɗa da iskar da yake shaƙa. Ƙananan hukumomi su farfaɗo da aikin duba-gari. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NESREA a 2007 don tsare dokokin muhalli. In wani kamfani ya zo kafa masana'antar sarrafa ma'adini a yankinku, ku tambaye shi tun kafin a aza bulo: ina hayaƙin zai bi, da me za a tace shi, wa zai riƙa aunawa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ya kai mai sana'a, kuɗin murfi da bututu da sabulu bai kai kuɗin kwana uku a gadon asibiti ba. Ka gyara wurin aikinka tun yau, ka faɗa wa abokin sana'arka ya gyara nasa. Wanda ya karanta wannan takarda kuma ya miƙa ta ga na kusa da shi. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.