Kayan Ƙwallo da Damina da Hunturu

Ƙofar Dawanau tana cikin ƙofofin ganuwar birnin Kano, ta wajen arewa. Ta ɗauki sunanta daga garin Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi ta ke. Da la'asar yaran unguwannin da ke kusa da ƙofar su kan taru a fili su buga ƙwallo. Sau da yawa ƙwallo guda ce tak gare su, ita ma sai da suka yi karo-karo kafin su saya. In ta lalace, wasa ya tsaya. Saboda haka ya kamata kowane yaro ya san yadda a ke adana kayan wasa.

Lokaci biyu ne su ka fi ɓata kayan ƙwallo a ƙasar Kano. Na fari damina, wadda ruwanta ya fi yawa cikin watan Agusta. Na biyu hunturu, wanda sanyinsa ya fi tsanani cikin Disamba da Janairu.

Da damina fili ya kan yi taɓo, takalmi ya sha ruwa ya yi nauyi. Yaro mai hankali ba ya jefa shi cikin jaka haka nan. Da ya komo gida sai ya sami ɗan tsinke ya kankare lakar da ta maƙale a ƙarƙashi. Sa'an nan ya kwance igiya, ya goge takalmin da jiƙaƙƙen tsumma, ya cusa tsohuwar takarda a ciki don ta tsotse ruwan. In takardar ta jiƙe, ya sake wata. Daga nan sai ya ajiye shi a inuwa, inda iska ke kaɗawa. Da safe kuma kafin ya sa, ya kakkaɓe shi, gama kunama tana son maɓuya irin wannan.

Riga da wando da safa kuwa a wanke su da sabulu ran da aka yi wasa, a shanya su bushe sarai. Jiƙaƙƙen kaya in ya kwana a ƙunshe ya kan yi fumfuna da wari. Wanda ya sa ɗanyar safa kuma, tsakanin yatsunsa ya kan yi ƙaiƙayi, fatar ta saluɓe, har ya kasa gudu.

Ita ma ƙwallo tana bukatar kulawa. Dokar wasa ta ce nauyin ƙwallon manya sa'ad da za a fara wasa ya kasance tsakanin giram 410 da 450. A dā da fata a ke ɗinka ta, in ta sha ruwa sai ta yi nauyi ƙwarai, wanda ya sa mata kai ya ji jiki. A shekarar 1986, a ƙasar Meziko, aka fara buga ƙwallon da ba fata a jikinta a gasar cin kofin duniya. Ko da ya ke irin ta yanzu ba ta shan ruwa kamar ta dā, ruwa ya kan shiga ta wajen ɗinki ya ruɓar da zare. Don haka a goge ta da busasshen tsumma, kada a bar ta ta kwana a tsakar gida.

In hunturu ya shigo, sai abu ya juya. Iska ta bushe, ƙura ta yi yawa. Yadda ƙafar mutum ta ke yin faso, haka fatar takalmi ta ke bushewa ta tsage. Dukawan Kano sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa su ke shafa wa fata mai. Yaro ya goge ƙura, ya shafa man kaɗanya kaɗan a takalminsa na fata, sau ɗaya a mako. Takalmin roba ba ya bukatar mai, gogewa ta ishe shi.

Sanyi ya kan sa iskar da ke cikin ƙwallo ta tsuke, a ga ƙwallon ta yi laushi da safe. Wannan ba huda ba ce, a ƙara mata iska kaɗan da famfo kawai. Akwai kuma babban haɗari ɗaya. Da sanyi a kan hura wuta a kasko ana jin ɗumi, sai yaro ya kai takalminsa kusa don ya bushe da sauri. Zafin wuta ya kan ƙandarar da fata, ya narkar da gam, tafin takalmi ya ɓalle. Ba a shanya kayan ƙwallo a bakin wuta ko kaɗan.

Ƙungiyar Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar Nijeriya a 2008, da 2012, da 2013, da 2014. Yaron da ke fatan sa rigarta wata rana, sai ya fara da kula da takalmin da ubansa ya saya masa da guminsa. Hausawa sun ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tambayoyi

1. Me ya sa a ke cusa takarda cikin jiƙaƙƙen takalmi?
2. Wace ɓarna wuta ta ke yi wa takalmi?
3. Don me ƙwallo ta ke yin laushi da hunturu?