Darasi: Ciniki Dabam, Riba Dabam

Jama'ar Agye, Gazawa da Gidan Rumji, musamman ku mata da kuka gama yaƙi da jahilci kuka shiga matsar man gujiya, darasin yau naku ne. Ku ɗauko littafi da alƙalami.

Ga misali. Kin sayi gujiya ta jika 10. Niƙa da itace sun ci jika 1. Kin sayar da mai da ƙuli-ƙuli, kin tashi da jika 13. Wannan 13 ciniki ne. Jika 11 uwar kuɗi ce, ba a taɓa ta. Ribarki jika 2 kawai, kuma ladan guminki yana ciki.

To, yaya za a yi da jika 2 ɗin nan? In kin kai su duka ga cefane, baɗi war haka tiyar da kike matsa yau ita za ki matsa. In kin mayar da su duka cikin jari, sana'a za ta girma da sauri, amma ran da yaro ya kwanta ko biki ya taso, uwar kuɗi za ki ɓalla, tun da ba ki ajiye komi ba. A ganinmu, sabuwar sana'a a raba mata biyu: jika 1 gida, jika 1 jari. A rubuta kowanne a shafinsa.

Inda mata da yawa ke faɗuwa shi ne wajen gaggawar ƙara yawa. Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, samun rance ya yi sauƙi. Abu ne mai kyau. Amma kafin ki ranto jika 10 ki ninka matsa, tambayi kanki: wa zai sayi ƙarin man? Tukwanen garinku ba su ƙaru ba. Sai dai ki kai Cadawa ko Tibiri, kuɗin mota ya shiga lissafi. Ko ki bayar bashi, kuma man da ke wuyan mutane ba ya sayo gujiya ran kasuwa. Ga asusu yana jiran kuɗinsa da abin da aka ɗora bisa. Ciniki ya ninka, hannu wayam.

Rancen da ya fi amfani shi ne na kaka. Lokacin nan gujiya tana araha. Da bazara ta tashi. Wadda ta sayi buhu da kaka ta adana shi wuri busasshe, bisa itace, ribarta ta ƙaru ko ba ta sami sabon mai saye ba.

Aikin gida: ki ja layi uku a littafinki, abin da ya fita, abin da ya shigo, bashin da ke waje. Ki cika su har kasuwa huɗu kafin ki nemi rance.