Tsinken Gwajin Suga da Zafin Abuja

A watan Maris na shekarar 2024 mahaifina ya kusa kwanciya asibiti a kan wata 'yar roba da ba ta fi kwalin ashana girma ba. Baba ya daɗe da ciwon suga, kuma sana'arsa jigilar fasinja tsakanin Gwagwalada da Wuse, don haka na'urar gwajinsa da robar tsinkayen gwaji kullum suna cikin durowar gaban mota. Duk safiya zai soki yatsa, ya ɗiga jini a kan tsinke, na'ura ta nuna komai lafiya. Amma ga ƙishirwa, ga yawan fitsarin dare. Da muka matsa masa ya je aka ɗebi jini a ɗakin gwaji, sai sakamakon ya kusa ninka abin da na'urarsa take faɗa. Ma'aikaciyar ba ta ce na'urar ta lalace ba. Cewa ta yi, "Baba, a ina ake ajiye tsinkayen nan?"

Wannan tambaya ce ta sa na shiga bincike, ni da ba ɗalibar kimiyya ba.

A bakin kowane tsinke akwai wani sinadari da masana ke kira enzayim. Kada sunan ya tsorata mai karatu, domin mun san aikinsa tun kafin mu ji sunansa. Shi ne ke cikin ruwan tumfafiya da ake zuba wa madara ta daskare ta zama cuku, shi ne kuma ke cikin ganyen gwanda da ake naɗe nama ya yi laushi. Kowane enzayim da abin da yake kamawa, kamar makulli da kwaɗonsa. Wanda aka fi sani a gwajin suga sunansa glucose oxidase, ana kuma samar da shi daga Aspergillus niger, wato baƙar fumfunar nan da muke gani a jikin albasa. Idan jini ya taɓa shi sai ya kama sukarin da ke ciki ya sarrafa shi, aikin ya haifar da ɗan ƙaramin lantarki, na'ura ta auna ƙarfinsa ta mayar da shi lamba.

Leland Clark da Champ Lyons ne suka bayyana wannan dabara a Amurka a 1962. Kamfanin Yellow Springs ya fitar da na'urar ɗakin gwaji mai aiki da ita a 1975, sannan a 1987 aka samu ExacTech, wadda mutum zai riƙe a hannu ya yi gwaji a gida.

To, ina matsalar take? Enzayim furotin ne, ɗan'uwan farin ƙwai. Aikinsa ya dogara ne ga yadda ƙirarsa take a naɗe, kuma zafi yana warware naɗin. Wanda ya taɓa soya ƙwai ya san ba ya komawa ɗanye. Bambancin kawai shi ne ƙwai yana nuna ya soyu, tsinke kuwa ba ya sauya kama. Na'urar ma ba ta da hanyar sanin enzayim ya raunana, lamba kawai za ta bayar, ko sama da gaskiya ko ƙasa da ita. Ga mai shan ƙwaya wannan ɓata lokaci ne mai haɗari. Ga mai allurar insulin, wanda da lambar yake ƙayyade abin da zai yi wa kansa, abin ya fi haka muni.

Masana sun daɗe suna fama da wannan. A 1967 Updike da Hicks suka kulle enzayim a cikin wani abu mai danƙo don kada ya wanke ya bi ruwa. Daga baya aka koyi busar da shi tare da wasu nau'o'in sukari irin su trehalose, waɗanda ke riƙe masa ƙirarsa idan babu ruwa. Manyan na'urorin asibiti kuwa suna da wata damuwar ta daban: furotin da ƙwayoyin jini suna manne wa tantanin da ke kāre enzayim har su toshe shi, shi ya sa ake yawan daidaita su da ruwan da aka san adadin sukarinsa, ake kuma sauya tantanin lokaci-lokaci. Ko FreeStyle Libre da ake mannawa a dantse, ainihin samfurinta kwana 14 take yi a cire.

Duk wannan ƙoƙari yana da iyaka. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa kada zafin ma'ajiyar tsinke ya wuce digiri 30. A Gwagwalada kuwa, a watan Maris da Afrilu, zafin rana kan haura 35 ko a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a tasha. Damina ta zo da nata: danshi yana tayar da busasshen enzayim ya fara lalacewa tun bai ga jini ba. Dalilin ke nan da aka sa abin tsotse danshi a jikin robar ko murfinta. Wanda ya bar ta a buɗe, ko ya juye tsinkaye a leda don ya raba da maƙwabci, ya yi asara bai sani ba.

A nan ne abin ya shafe mu, 'yan'uwa ɗaliban harshe. Takardar da ke cikin kwalin da Turanci take. Da na fassara wa Baba umarnin ajiya, cewa na yi "a sa a wuri mai sanyi". Washegari na tarar da sabuwar robar a cikin firji, kusa da ƙanƙara. Ƙanwata kuma ta ba da shawarar gindin randa. Duka biyun sun bi maganata, duka biyun kuma kuskure ne, domin robar da ta fito daga firji takan yi raɓa, gindin randa kuwa danshi ne zalla. Abin da takardar ke nufi shi ne wurin da ba zafi, ba danshi, ba hasken rana. A ganina kalmar "sanyi" ba ta da gurbi a wannan fassara ko kaɗan, duk da cewa ita ce ƙamus zai fara ba ka.

Yanzu tsinkayen Baba suna cikin akwatin katako a ɗakin da rana ba ta bugu, yana gwaji kafin ya fita, yana kuma rubuta ranar da ya buɗe roba a jikinta. Ruwan gwada tsinke, wanda ake ɗigawa a maimakon jini don a ga ko lambar ta faɗa inda kamfani ya ce, sai da muka zaga kemis huɗu kafin muka samu.